Shirun da Explorer 1 ya riƙa yi a saman Kudancin Amurka

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗaki mai rufin kwano da babu silin zai gane abun da zan faɗa tun kafin in gama. Da damina in ruwa ya fara saukowa kana kwance kana iya ƙirga ɗigon ɗaya bayan ɗaya, tas, tas, tas, amma da zarar ya kece kaman da bakin ƙwarya sai ƙarar ta haɗe ta zama guda, ko a ce za a ba ka kyauta ba za ka iya cewa ga adadin ɗigon da ke zuba ba. Sannan kwanon nan dai, da bazara in rana ta faɗi ya fara hucewa, sai ka ji ƙas, can kuma ƙas, ka rantse wani yaro ne ke jifa da tsakuwa, ka fito ka duba babu kowa, ƙarfen ne kawai ke takurewa bayan ya sha rana. Abubuwan nan biyu kusan su ne suka faru da na'urori biyu da aka ɗora wa tauraron ɗan adam na farko da Amurka ta harba, Explorer 1, a 1958. Ɗaya an saka ta don ƙirga ƙwayoyin kosmik masu zuwa daga can cikin sararin samaniya, ɗayar kuma don ta saurari ƙurar duwatsun sama in ta bugi jikin tauraron. Ta farkon ce ta riƙa yin shiru har aka zaci ta lalace, ta biyun kuma ba ta fasa magana ba. Ni dai abun da ya riƙe ni a labarin nan kenan, wacce ta yi shirun ita ce ta zo da babban labari.

Sai mun ɗan koma baya kafin a gane me ya kai su ga wannan aikin. Masana na duniya sun shirya wata shekara ta musamman ta binciken ƙasa da samanta, daga 1 ga Yuli 1957 zuwa ƙarshen Disamba 1958, ƙasashe 67 suka shiga, kuma tunanin ma a gidan wani masanin kimiyya ɗan Amurka, James Van Allen, aka fara shi a wata liyafar cin abincin dare a 1950, shi ɗin da daga baya na'urarsa za ta hau tauraron. Amurka da Tarayyar Sobiyet duk sun yi alkawarin harba tauraro cikin wannan lokaci. Sobiyet ta riga, 4 ga Oktoba 1957 ta harba Sputnik 1 mai nauyin kilo 83.6, bayan wata ɗaya ranar 3 ga Nuwamba ta ƙara da Sputnik 2 mai kilo 508 da karyar nan Laika a ciki. Amurka kuma da ta zo gwada nata ranar 6 ga Disamba, rokar sojan ruwa mai suna Vanguard ta ɗan ɗaga kaman mita ɗaya daga ƙasa ta dawo ta kama da wuta a gaban kyamarori, duniya na kallo. Abun ya yi musu ciwo sosai.

Alhali sojan ƙasa na Amurka suna da roka a ajiye. Rukunin Wernher von Braun da ke Huntsville a jihar Alabama tun Satumban 1956 sun harba rokar Jupiter-C wadda ke tashi mataki-mataki, wani ya ƙone wani ya kama, kuma da an sa mata mataki na huɗu mai rai da tana iya kai abu falaki, wato inda zai riƙa zagaye duniya, amma ba a ba su izini ba, sai aka cika wurin da yashi. Shi von Braun ɗin nan ba mutum ne da za a ambata a wuce ba tare da faɗin inda ya fito ba, shi ne ya jagoranci ƙera rokar V-2 wa Jamus ta Hitila, rokar da aka yi ta jefa wa Landan da Antwerp, kuma fursunoni ne aka tilasta wa haɗa ta a cikin ramukan ƙarƙashin dutse inda dubbai suka mutu. Gwanintarsa gaskiya ce, wannan ma gaskiya ne, kuma bai kamata ɗaya ta rufe ɗaya ba. To, ranar 8 ga Nuwamba 1957 aka ce wa sojan ƙasa su ci gaba, ɗakin binciken JPL da ke Kalifoniya ƙarƙashin William Pickering ya ɗauki ƙera tauraron, jami'ar Iowa inda Van Allen ke aiki ta kawo na'urar ƙirgan, cikin kwana 84 aka gama komai.

Tauraron kansa in ka gan shi ba za ka ce shi ne ake ta wannan hayaniya a kai ba. Kaman bututun ruwa ne, tsawonsa mita 2 da ɗan kai, faɗinsa santimita 15, nauyinsa duka bai kai kilo 14 ba, kuma rabin bayansa ma ƙwanson roka ne na mataki na huɗu da ya rage manne da shi bayan ya ƙone. Kayan aikin da ke ciki kilo 8.3 ne, kuma kaso mai yawa na wannan nauyin batir ne. Na'urar aika saƙo biyu gare shi, ɗaya mai ƙarfin miliwat 60 ɗaya mai miliwat 10, wato ƙarfin da ko ɗan ƙaramin ƙwan tocila ba zai haska da shi yanda ya kamata ba, amma da shi ake jiyo shi daga nisan dubban kilomita. Wani ɗalibin Van Allen mai suna George Ludwig shi ya haɗa na'urar ƙirgan da hannunsa, da tiranzisto wanda a lokacin sabon abu ne, kuma da aka ce a gaggauta sai ya zuba kayan a but ɗin motarsa ya ɗauki iyalinsa ya tuƙa daga Iowa har Kalifoniya. Akwai wata 'yar ƙaramar na'urar naɗar bayanai a tef da ya ƙera, amma lokaci ya ƙure ba a samu saka ta a wannan tauraron ba. A riƙe wannan maganar ta tef, za mu dawo kanta, don rashinta ne ya jawo ruɗanin wata biyu.

Iska mai ƙarfi a can sama ta hana harbawa ranakun 29 da 30 ga Janairu. Daren Juma'a 31 ga wata ƙarfe 10:48 agogon Florida rokar ta tashi daga Cape Canaveral, a nan Najeriya lokacin ƙarfe 4:48 ne na asubahin Asabar 1 ga Fabrairu, ana daf da kiran assalatu cikin sanyin hunturu. Matakan sama na rokar a cikin wani abu mai kama da baho aka jera su, ƙananan rokoki 11, sannan 3, sannan 1 mai ɗauke da tauraron, ana juya bahon da gudu don kada in wata ta fi wata ƙarfi abun ya karkace. Bayan an harba sai jira, don ba wanda zai ce ya shiga falaki sai ya zagayo duniya an ji shi a Kalifoniya. Lokacin da aka lissafa ya yi, shiru. Minti ɗaya, biyu, biyar, har kusan minti takwas kafin tashoshin can su ce sun ji shi. Dalili kuwa rokar ta ba shi gudu fiye da yanda aka tsara, sai ya hau sama fiye da lissafi, zagayen ya ƙara tsawo. Falakin nasa ya zama mai siffar ƙwai, in ya sauko yana kilomita 358 daga ƙasa, in ya hau ya kai kilomita 2,550, zagaye ɗaya minti 114.8. Wannan ƙarin tsayin da ba a nema ba shi ya cusa shi cikin wurin da aka gano abun da aka gano.

Akwai abun da ya shafe mu kai tsaye a nan wanda ba a cika faɗa ba. Falakin ya karkata da digiri 33 daga layin da ya raba duniya biyu, ma'ana yana ratsa saman ƙasashen da ke tsakanin digiri 33 arewa da 33 kudu, har da ƙasar Hausa baki ɗaya. Don haka JPL ta kai tashoshin saurare na tafi-da-gidanka wurare kaɗan a duniya, ɗaya a Singafo, ɗaya a Ibadan, tun Najeriya ba ta samu 'yancin kai ba. Bayan 'yan shekaru kuma da aka fara tura mutane, Kano ce ta samu tashar da ke magana da 'yan sama jannatin shirin Mercury na Amurka in sun zo wucewa ta saman Afirka.

Yanzu menene su ƙwayoyin kosmik ɗin. Sunan da Turawa suka ba su yana nuna kaman haske ne, amma ba haske ba ne, ƙwayoyin zarra ne da aka tuɓe wa elektiron, kusan kashi 90 cikin ɗari furoton, kusan kashi 9 ƙwayar hiliyom, sauran kuma masu nauyi har da ƙarfe, suna tafe da gudun da ya kusa na haske, galibinsu daga wajen tsarin ranarmu, daga ragowar manyan taurarin da suka fashe. Wani masani ɗan Ostiriya, Victor Hess, shi ya tabbatar daga sama suke zuwa, a 1912 ya hau balan-balan har sama da mita 5,000 da na'urarsa ya ga radiyeshan na ƙaruwa yana ƙara hawa, da daga ƙasa yake fitowa ai da raguwa zai yi. Matsalar ita ce iskar da ta lulluɓe duniya tana tare su, abun da ke iso mu a ƙasa ɓaraguzai ne kawai na karon da suka yi da iska a can sama. Mai son ganin na asalin dole ya fita waje. Van Allen ya shafe shekaru yana wannan fafutuka, da rokokin V-2 da aka kwaso daga Jamus, da kuma wata dabara ta rashin kuɗi, a rataya ƙaramar roka a jikin balan-balan ya kai ta sama sannan a kunna ta, yana yi daga kan jirgin ruwa kusa da Girinlan. Amma roka minti kaɗan take yi a sama ta faɗo, tauraro kuwa watanni zai yi.

Na'urar ƙirgan, wadda ake kira Gaiga, sauƙi gare ta. Ɗan bututu ne a rufe da gas a ciki, da siririyar waya a tsakiya mai ɗauke da wutar lantarki mai ƙarfi. In ƙwaya ɗaya ta ratsa ta sai ta fizge elektiron daga gas ɗin, su kuma su ruga wajen wayar suna fizgo wasu, sai a samu ɗan tartsatsi guda, na'ura ta ƙirga ɗaya. Amma bayan kowane tartsatsi bututun na buƙatar ɗan hutu, ɗan mitsitsin lokaci da bai kai ƙiftawar ido ba, kafin ya koma daidai ya iya ba da cikakken tartsatsi na gaba. Wannan ɗan hutun shi ne mabuɗin labarin gaba ɗaya.

Da bayanai suka fara zuwa Iowa, a takardu dogaye masu zanen layi, sai aka ga in tauraron yana ƙasa-ƙasa ƙirgan na nuna kaman 30 a daƙiƙa, daidai da abun da ake tsammani. Amma a wasu wucewar, musamman waɗanda tashoshin Kudancin Amurka suka naɗa lokacin da yake sama da kilomita 2,000, ƙirgan sifili ne. Ba raguwa ba fa, sifili. Kuma wannan ba zai yiwu ba, ƙwayoyin kosmik ba sa ɗaukewa, in ma wani abu ne a can sama ya kamata su ƙaru tunda duniya ta rage tare su. Abu mafi sauƙi a ce na'urar ce ke da matsala, wata waya ce ke saki in zafi ko sanyi ya taɓa ta. Kuma ba su da hanyar ganewa, saboda babu tef, abun da suke samu guntaye ne, minti ɗaya ko biyu in tauraron ya zo saitin wata tasha, sannan shiru sai wata tashar. Ka ga ƙirga 30 a nan, ka ga sifili a can, ba ka ga yanda aka tashi daga wannan aka koma wancan ba. Kaman a ba ka shafi na uku da na arba'in na littafi a ce ka faɗi labarin.

Explorer 2 da aka harba 5 ga Maris bai kai falaki ba, mataki na huɗu ya ƙi kamawa. Explorer 3 ya hau ranar 26 ga Maris, shi kuma da tef ɗin Ludwig a ciki, yana naɗe ƙirgan zagaye guda cur, in ya zo saman tasha a aika masa umarni ya juye shi duka cikin 'yan daƙiƙoƙi. Van Allen yana Washinton lokacin da cikakken zagaye na farko ya shigo hannunsa, ya sayi takardar zana jadawali da rula a wani shago ya koma ɗakinsa na otal ya zauna yana ɗiga lambobin da hannu har wajen ƙarfe 3 na dare. Abun da ya fito a takardar shi ne, ƙirgan ya fara daidai, sai ya haura da sauri har ya kai 128 a daƙiƙa wanda shi ne iyakar abun da tef ɗin ke iya naɗewa, sai ya faɗo sifili ya zauna kaman minti 15, sannan ya koma 128, sannan ya sauko daidai. Na'urar da ta lalace ba ta yin haka, ba ta hawa a tsare ta sauka a tsare a wuri ɗaya kowane zagaye, kuma a taurari biyu daban-daban.

A Iowa wani ɗalibin, Carl McIlwain, ya ɗauko irin bututun nan da suka ajiye na ko-ta-kwana ya kafa shi gaban injin hoton ƙashi, ya riƙa ƙara ƙarfi. Ƙirga na hawa, na hawa, sai da ƙarfin ya yi yawa ta faɗo sifili. Ƙwayoyin na shigowa a jere ba sa barin bututun ya huta, tartsatsin sai ya zama ƙanana ƙwarai har na'urar ba ta ganinsu, sai ta ce babu komai. Ruwan ya kece kenan a kan kwano. Lissafinsu ya nuna abun da ke wurin ya ninka ƙwayoyin kosmik da aka je nema aƙalla sau 1,000. Ranar 1 ga Mayu 1958 Van Allen ya tsaya gaban taron masana a Washinton ya sanar cewa akwai ɗimbin ƙwayoyi masu caji da maganaɗisun duniya ya kama ya riƙe, sun yi wa duniya ɗamara. Daga nan sunan ya bi shi, ɗamarar Van Allen.

Yanda maganaɗisu ke riƙe su ɗin ya cancanci a tsaya a kai. Duniya kanta babban mayen ƙarfe ce, shi ya sa allurar kamfas ke nuna arewa har muke gane alƙibla da ita. Layukan ƙarfin nan suna fitowa daga kusa da ƙuryar kudu su yi baka a sararin samaniya su shiga kusa da ƙuryar arewa. Ƙwaya mai caji ba ta iya tsallaka layin kai tsaye, sai dai ta riƙa naɗe shi tana tafiya kaman yanda zare ke naɗe mazari. Tana matsowa ƙurya inda layukan suka matse ƙarfin ya ƙaru, sai tafiyar gaban ta ragu har ta tsaya ta juyo, ta nufi ɗaya ƙuryar, can ma a maido ta, kai da komo cikin daƙiƙa ɗaya ko 'yan daƙiƙoƙi. A lokaci guda kuma tana gusawa gefe a hankali tana zagaye duniya, furoton su yi yamma elektiron su yi gabas. Wani masanin lissafi ɗan Norwe, Carl Størmer, ya shafe shekaru tun farkon ƙarnin yana lissafa irin waɗannan hanyoyi da hannu don ya fahimci hasken nan da ke bayyana a saman ƙasashen ƙuryar arewa, lissafin na nan a littattafai, abun da ba a sani ba shi ne wurin a cike yake.

Kuma shi Van Allen ɗin ma bai cafko komai a karon farko ba, ya ɗauka elektiron ne marasa ƙarfi sosai irin masu haddasa wancan hasken. Sai da Explorer 4 ya hau a Yulin 1958 da na'urorin da aka shirya don wannan aiki, sannan Pioneer 3 a Disamba, wanda aka nufi wata da shi bai kai ba ya yi sama da kilomita 100,000 ya dawo, aka gane ɗamarar biyu ce. Ta ciki, daga wajen kilomita 1,000 zuwa 12,000, furoton masu ƙarfin gaske ne suka fi yawa a cikinta, ta waje kuma daga wajen 13,000 har 60,000 galibi elektiron ce, tana kumbura tana sacewa gwargwadon abun da rana ta turo. Abun da ya fi burge ni shi ne asalin furoton ɗin ta cikin. Ƙwayar kosmik ce ke dukan iskar sama, karon ya fitar da niyutiron, ita ba ta da caji don haka maganaɗisu ba ya tare ta, wasu su yi sama, a hanya su rikiɗe su zama furoton da elektiron, nan take tarko ya kama su. Wato abun da aka je ƙirgawa tun farko shi ne ke ciyar da abun da ya toshe bakin na'urar. Dalilin da ya sa kuma abun ya fi fitowa ta Kudancin Amurka, cibiyar maganaɗisun duniya ba ta zauna daidai tsakiyar duniya ba, ta goce da 'yan ɗaruruwan kilomita, shi ya sa a saman kudancin tekun Atilantika da Burazil ɗamarar ciki ke saukowa ƙasa sosai. Har yau madubin hangen nesa na Hubble yana dakatar da wasu na'urorinsa in zai ratsa wurin.

Sobiyet fa sun riga shiga wurin. Sputnik 2 na ɗauke da na'urorin Gaiga na masaninsu Sergei Vernov, kuma sun ga ƙirgan ya ƙaru a arewa, amma su ma ba tef, suna jin tauraron ne kawai in yana saman ƙasarsu, a lokacin kuma yana ƙasa-ƙasa, in ya hau can sama yana ɗaya ɓangaren duniya inda ba su da tasha. Sputnik 3 da suka harba 15 ga Mayu 1958 ɗakin bincike ne guda mai nauyin fiye da tan ɗaya, amma tef ɗinsa bai yi aiki ba. Ni a ganina wannan gasar ba girman roka ne ya yanke ta ba, 'yar na'urar naɗa ce da ba ta fi tafin hannu ba da kuma tashoshin saurare da aka baza a ƙasashen wasu.

Saura ɗaya na'urar, ta ƙura. Tsoron da ake yi a lokacin ba na wasa ba ne. In ka ga tauraro ya tsinke ya ja layin wuta da daddare, galibi abun bai wuce ƙwayar gero ko tsakuwa ba, gudunsa ne ya sa ya ƙone haka, don suna shigowa da gudun kilomita 11 zuwa 72 a daƙiƙa. Harsashin bindiga kaman kilomita 1 yake yi a daƙiƙa, kuma ƙarfin duka yana ninkuwa ne da gudu sau gudu, don haka ɓurɓushin da ke tafe da kilomita 20 a daƙiƙa yana ɗauke da ƙarfin da ya ninka na harsashi mai nauyinsa sau 400. A ƙasa iska na kare mu, a sama babu, kuma ba wanda ya san yawansu. In suna da yawa to maganar tura mutum sama ta mutu, don za su huda jirgi iska ta fice. Explorer 1 ya je da hanyoyi biyu na dubawa, makirfo da aka manna a jikin ƙarfen daga ciki don ya ji duka, da kuma wasu 'yan alluna 12 da aka naɗe da waya siririya wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba, in ƙura ta bugi ɗaya ta tsinke wayar sai a gani a ƙasa.

Makirfon ya ba da rahoton duka 145 cikin daƙiƙa 78,750 na saurare, kusan awa 22 kenan in an haɗa, wato duka ɗaya duk bayan minti 9. Tauraron bai huje ba, zafin cikinsa ma ya tsaya inda kayan aiki ke iya jurewa, wannan ya kwantar da hankali. Amma lambobin da irin waɗannan makirfo suka riƙa kawowa, a wannan tauraron da waɗanda suka biyo baya, sun yi yawa har wasu masana suka fara cewa duniya na da wata ɗamarar ta ƙura. Sai da aka canza hanyar awo sannan aka gane. Explorer 16 a Disamban 1962 ya je da 'yan gwangwanaye masu gas a ciki, in an huda ɗaya gas ya fice ba gardama, sannan taurarin Pegasus guda uku a 1965 masu fukafukai da faɗinsu ya kai mita 29. Waɗannan suka nuna hudawar ba ta kai ko kusa da abun da makirfo ke nunawa ba. Da aka koma aka gwada su makirfon sai aka ga sauyin zafi da sanyi kaɗai na sa su ba da sigina, tauraro na fita daga rana ya shiga inuwar duniya duk zagaye, jikinsa na miƙewa yana takurewa, ƙas, ƙas, irin na kwanon bazara. Ba wai ƙurar babu ita ba, tana nan, a Mayun 2022 wata ta bugi ɗaya daga madubin na'urar hangen nesa ta James Webb ta bar tabo, kuma jiragen sama jannati na sanye da garkuwar da masanin taurari Fred Whipple ya ba da shawararta tun 1947, ɗan siririn ƙarfe a gaba da tazara a bayansa don ƙurar ta tarwatse kafin ta isa bango. Amma ɗamarar ƙura kam babu ita.

Ɗamarar radiyeshan kuwa kowa ya zo dole ya yi lissafi da ita. Jiragen Apollo da suka kai mutane wata sun ratsa ta da sauri ta gefen da ya fi sauƙi. Taurarin GPS da ke nuna maka hanya a wayarka suna kilomita 20,200, cikin ta wajen tsundum, taurarin talabijin da sadarwa irin su NigComSat-1R na Najeriya suna kusan kilomita 36,000 a gefenta, duk sai an yi wa kayan lantarkinsu sulke. Abun takaici shi ne ba a daɗe da gano ta ba aka fara wasa da ita da makamai, a 1958 ɗin ma Amurka ta fasa ƙananan bama-baman nukiliya uku a saman kudancin Atilantika don ta ga ko za a iya ƙirƙirar ɗamara da hannu, sannan ranar 9 ga Yuli 1962 ta fasa babba a tsayin kilomita 400 a saman tekun Pasifik, elektiron ɗin da ya zuba suka lalata taurari da dama har da tauraron sadarwa Telstar, wanda aka harba washegari. Wannan ɓarna ce tsagwaronta a wurin da ba na kowa ba.

Akwai wani ƙaramin darasi kuma da tauraron ya koya wa injiniyoyi ba tare da an tambaye shi ba. An sake shi yana juyawa a kan tsawonsa kaman katantanwa, sau 750 a minti, ana ganin haka zai zauna. Ba a jima ba aka ga ya koma wulwulawa kai da gindi kaman sandar da aka wurga. Eriyoyinsa huɗu na waya masu lanƙwasa su ne sila, suna karkarwa suna shan ƙarfin juyin a hankali, abu dogo siriri kuma in yana asarar ƙarfi haka dole ya koma juyi ta faɗinsa. Shi ya sa taurarin da aka riƙa daidaitawa da juyi daga baya aka fi yin su gajeru masu faɗi kaman ganga.

Babbar na'urar aika saƙon ta yi kwana 31 ta mutu, ƙaramar ta ja har 23 ga Mayu 1958, kwana 22 kenan bayan sanarwar Van Allen, sannan batir ya ƙare. Bututun ya ci gaba da zagaye ba mai jin sa, yana ratsa ɗamarar yana fita sau goma sha biyu da ɗoriya a kowace rana, aka kafa hukumar sararin samaniyar Amurka NASA yana sama, Gagarin na Sobiyet, mutum na farko da ya je sararin samaniya, ya je ya dawo, mutane suka taka wata sau biyu yana nan. Ranar 31 ga Maris 1970, bayan zagaye sama da 58,000, ya shigo cikin iska a saman tekun Pasifik ya ƙone.